Kayan gida ko na waje: wanne ya kamata mutum ya ɗauka a kasuwa?

Zauren Gombawa Masu Sana'a da Kasuwanci

Sani_Herwagana:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da aka shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Ana ta cewa mu koma sayen kayan gida. Ni ina goyon bayan haka, amma magidanci ba zai sayi abin da zai lalace masa saboda kishin ƙasa kawai ba. Don Allah masu sana'a, kowa ya faɗa mana a fanninsa: wane kaya ne na gida ya kai na waje ko ya fi shi, wanne ne bai kai ba, kuma ta yaya mai saye zai gane mai kyau?

Alh_TudunHatsi:
Wa alaikumus salam Malam Sani. A fara da shinkafa tunda ita ce kowa ke ci. Ƙorafin mutane a kan 'yar gida guda uku ne: tsakuwa, wari, da caɓewa. Duk ukun ba daga irin shinkafar suke ba, daga hannun da ya sarrafa ta ne.

Tsakuwa tana shiga ne wajen bugu da shanya, in aka yi su a kan tsurar ƙasa ko a gefen titi babu tampol. Wari kuma daga jiƙo yake. In mai turara ta bar shanshera kwana biyu ko uku cikin ruwan sanyi, ruwan ya yi tsami, warin ya shige cikin ƙwayar, wanki ba ya fitar da shi. Yadda ya dace shi ne a wanke shansherar a kwashe wadda ta taso sama, a jiƙa da ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba a bar ta ta kwana, da safe a tsane a turara da tururi har ƙaiƙayin ya fara tsagewa. Sai a shanya a rana kaɗan, a ƙarasa a inuwa. In aka bar ta a rana mai zafi har ta bushe ƙayau, ƙwayar tana tsattsagewa daga ciki, tana shiga inji sai ta kakkarye.

In za ka sayi buhu, kada ka tsaya a ta saman. A ɗebo maka daga tsakiya. Ka baza a tafin hannu: tsawon ƙwayoyin ya zama ɗaya, domin in an gauraya iri biyu wata za ta nuna wata na da gara-gara. Ka ciji ƙwaya ɗaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa akwai danshi, za ta yi fumfuna a ajiya. Sannan a ɗora buhun a sikeli, kilo 50 ya cika.

Ummu_Pantami:
Alhaji ya yi bayani. Ƙari a kan caɓewa: shinkafar da aka girbe bana ba ta shan ruwa kamar wadda ta daɗe a ajiye. 'Yar waje kafin ta iso nan ta yi watanni a sito da cikin jirgin ruwa, shi ya sa take warwarewa. Mata da yawa suna zuba wa 'yar gida ruwa daidai da na 'yar waje, sai ta caɓe su ce ba ta da kyau. A rage ruwan, a zuba ta bayan ya tafasa, in ta kusa tsotsewa a rage wuta a rufe ta turara. In ta ƙananan injina ce, a rege ta a ƙwarya kafin a dafa.

Bello_Dadinkowa:
Kuma a daina haɗa duk 'yar gida a kwando ɗaya. Akwai ta ƙaramin injin ƙauye wanda casa kawai yake yi, akwai ta manyan kamfanoni masu injin cire tsakuwa da na tace launi. Ta biyun ba a rege ta. Irin FARO 44 da ake nomawa a fadamun Dadin Kowa doguwa ce siririya, in ta samu gyara ba ka bambanta ta da ta Tailan da ido. Shi ya sa tun lokacin da aka rufe iyakokin tudu a Agustan 2019 wasu suka koyi juye 'yar gida cikin buhun 'yar waje su ƙara kuɗi. Mai neman 'yar waje ido rufe sau da yawa ta gida yake ci, ya biya kuɗin buhu.

Injiniya_Bajoga:
A fannin wutar lantarki amsar a fili take: wayar wuta ta kamfanonin Najeriya da aka sani, irin su Cutix, Coleman, Nigerchin da Kabelmetal, ta fi mafi yawan wadda ake shigowa da ita mai araha. Dalili shi ne mai arahar yawanci alminiyom ce aka yi mata rufin jan ƙarfe a sama. Alminiyom wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka in kaurinsu ɗaya, kuma yana saki a wurin ɗauri. Wajen sukurun soket zai yi sako-sako, ya riƙa zafi, robar ta narke, daga nan gobara.

Gwaji uku a shago:
Ka feɗe bakin wayar ka kankare ƙarfen da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙasa, ajiye ta.
Ka kunna mata ashana ko laita. Jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya a miƙe, alminiyom siriri zai lanƙwashe.
Ka ɗaga nauyin ƙunshin. Waya mai kaurin 2.5 (murabba'in milimita) in mita 100 ce, jan ƙarfen cikinta kaɗai ya haura kilo 2, ban da roba. Alminiyom kusan sulusin wannan nauyin yake.

Kuma a yi amfani da kowace a muhallinta: 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, 4 zuwa sama ga na'urar sanyaya ɗaki da hita, gwargwadon ƙarfinsu da nisan wurin.

Dan_Bolari:
Injiniya, ai yanzu sunan waɗannan kamfanonin ma ake bugawa a jikin jabu.

Injiniya_Bajoga:
Haka ne Ɗan Bolari, kuma wannan shi ke nuna darajar ta gidan, ba a kwaikwayon abin da ba ya tafiya. Maganinsa a saya wurin dilan kamfani a karɓi rasit, a duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, da rubutun da ke jikin robar, yana maimaituwa a tsawon wayar, ba ya gogewa da yatsa. Amma gwajin kankarewar nan ya fi duk wani tambari.

Magini_Kumo:
Ni zan ɗan saɓa wa masu yabon kayan gida, a kan rodi. Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga ƙarafan jari-bola ake narko shi. Wannan ba aibi ba ne in kamfani yana auna sinadaran da ke cikin narkakken ƙarfen. In ba ya aunawa, wani zubin zai fito da tauri fiye da kima, kana lanƙwasa shi ya tsage. Matsala ta biyu rage kauri: a ce maka milimita 12 ne, ka auna ka samu 11 da ɗan wani abu.

Lissafin ba wuya. Rodi mai 12, tsawon mita 12, nauyinsa kilo 10.6 ne da ɗoriya, wato tan ɗaya sanda 93 zuwa 94. Duk wanda ya ce zai ba ka sanda 105 ko 110 a tan ɗaya na 12, ba alheri ya yi maka ba, siririn rodi ya ba ka. Mai 16 kuma kusan kilo 19 ne sanda ɗaya, wajen 52 zuwa 53 a tan. Kafin a sauke kaya a yanko guntu a lanƙwasa shi sosai, a duba bayan gwiwar, in akwai tsaga a mayar. Akwai rodin gida mai kyau ƙwarai, amma sai an zaɓa, musamman in rufin kankare za a zuba ko ginshiƙin bene.

Sani_Herwagana:
Madalla. To siminti fa Magini? Ga Ashaka nan a Funakaye.

Magini_Kumo:
Siminti babu zancen zaɓi tsakanin gida da waje, wanda ke kasuwa na gida ne. Ashaka tun 1979 take fitar da siminti, dutsen a nan ake haƙo shi, gawayin da take ƙonawa ma na Maiganga ne a Akko. Abin lura a siminti shi ne lamba da shekaru. A jikin buhu za ka ga lambar ƙarfinsa, 32.5 ko 42.5. Na farkon ya isa filasta da ɗora bulo, na biyun ya fi dacewa da kankare mai ɗaukar nauyi. Simintin da ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa. Ka danna kusurwar buhu, in ka ji dunƙule mai tauri wanda yatsa ba ya murƙushewa, danshi ya shige shi. A jera a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada a ɗora fiye da buhu 10.

Comr_Deba:
To ga inda maganar kishin ƙasa take ba ni wahala. Siminti a bayan gidanmu ake yin sa, ba jirgin ruwa ba kwastan, amma duk lokacin da Dala ta motsa shi ma sai ya motsa. Ina amfanin na gida ga talaka in farashin bai sauka ba?

Malam_Tattali:
Tambayar Kwamared tana kan hanya, kuma tana da amsa biyu. Ta farko, kamfanin da ke Najeriya ba komai nasa ne na Najeriya ba. Kayan gyaran inji daga waje suke, manyan motocin dako daga waje suke, man dizal kuma farashinsa yana bin kasuwar duniya. Ta biyu, in aka toshe ƙofar shigo da kaya alhali masu yin sa a gida ba su wuce uku ko huɗu ba, babu gasar da za ta tilasta musu rage farashi. A 2015 Babban Banki ya hana kaya iri 41 samun Dala a farashin gwamnati, har da shinkafa, siminti, tumatirin gwangwani da yadi, daga baya suka zama 43, aka ɗage hanin a Oktoban 2023. Matakin ya sa an kafa injinan shinkafa da yawa a Kano, Kebbi da Jigawa, wannan gaskiya ne. Amma kariya ba tare da wuta mai araha da gasa ba, mai saye ne ke biyan kuɗinta.

Duk da haka kuɗin da ka ba mai injin shinkafa a Gombe yana zagayawa: manomi, mai turara, ɗan dako, mai ɗinkin buhu, direba. Wanda ka ba 'yar waje, in ka cire ribar ɗan kasuwa da ta mai dako, sauran ya tsallaka teku.

Hajiya_Jekadafari:
Malam ya taɓo wani abu da ya kamata mata su sani. Ba duk abin da aka rubuta an yi a Najeriya ne amfanin gonar Najeriya ba. Tumatirin leda da na gwangwani da yawa, markaɗaɗɗen tumatirin daga Chaina ake kawo shi cikin manyan durom, a nan a sirka a ƙulla. A juya bayan ledar a karanta abin da ke ciki. In ka ga an lissafa sitaci, sukari da kala, to tumatirin cikin kaɗan ne. Sukari ma yawancinsa ɗanye ake shigowa da shi daga Brazil a tace a Legas, na rake na gida shi ne irin wanda ake yi a Numan. Fulawa kuwa alkamarta kusan duk ta waje ce.

Mai son tumatirin gida na gaskiya ya sayi kwando lokacin kaka na rani, sa'ad da ya yi araha. Ko dai a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta sama da ƙasa a yi kauɗa, ko a markaɗa a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a zuba da zafinsa cikin kwalaben da aka tafasa, a rufe, a sake tafasa kwalaben cikin ruwa kamar minti 30 zuwa 40. Kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya a zubar, kada a ɗanɗana.

Ummu_Pantami:
Hajiya, a ƙara da mai. Man jarka da ake kira na waje galibi man ja ne da aka tace ya zama fari. Alamarsa, da sanyin hunturu za ki ga ya yi gudaji fari a ƙasan jarka, man gyaɗa zalla ba ya yin haka sai sanyi ya kai na firji. Man ƙuli na gida ya fi ƙamshi, amma a saya wurin wadda take tsince gyaɗarta. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. In na kamfani ne a duba lambar NAFDAC da hoton ido, shi ke nuna an sa bitamin A.

Tela_Tudunwada:
A fannin yadi sai dai haƙuri. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe, Arewa Textiles ta rufe, UNTL ma ta durƙushe a 2007. Mu nan Gombe da muka yi suna da auduga, har unguwa muke da ita mai sunan BCGA saboda kamfanin auduga, yau atamfar da ta cika Kantin Kwari da kasuwarmu yawanci ta Chaina ce. Shadda mai tsada kuma ta Turai ce. Wanda ya ce maka zai yi kayan lefe gaba ɗaya da yadin Najeriya zai sha yawo.

Kuma rubutun bakin zane ba hujja ba ne, ana buga sunan Najeriya a can a kawo. Abin da mai saye zai iya gwadawa shi ne ko auduga ce ko roba. A zare zare ɗaya daga bakin turmi a ƙona. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Atamfa mai kyau gaba da bayanta kusan launi ɗaya ne. A jiƙa farin ƙyalle a goga, in ya ɗauko kala za ta zuba a wanki. Sannan a auna, turmi yadi 6 ne.

Inda muke da ƙarfi shi ne ɗinki da aikin hannu: hula, zanen saƙi, rini irin na Ƙofar Mata, kayan makaranta. Rigar makaranta da tela ya ɗinka da ninki biyu a hammata da tsakiyar wando ta fi ta kanti daɗewa, kuma ana barin kari a ƙafa don a saki in yaro ya girma.

Comr_Deba:
Wato dai kun dawo kan maganata. Auduga tamu, masaƙa ta mutu, a ce talaka ya yi kishi.

Bello_Dadinkowa:
Kwamared, ba wanda ya ce a sayi abin da babu. Waya ta hannu da injin ban ruwa, kusan babu na gida da za a ce a zaɓa. Tambayar Malam Sani a kan inda zaɓin yake ne.

Baduku_Gombe:
Takalmi yana cikin inda zaɓin yake. Fatar akuya da ta tumaki da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa a Kano, ita ake fitarwa Italiya da Sifen a yi takalma masu tsada. Takalmin kanti mai sheƙi da ake kawowa da araha kuwa yawanci leda ce aka manna a kan ƙyalle, zafin watan Maris da Afrilu yana sa ta ɓare. Gane fata: a duba bakin yanka, fata tana da gashi-gashi a ciki, leda kuwa za ka ga zaren ƙyalle. A danna da babban yatsa, fata tana yin ƙananan tamoji ta koma.

Raunin na gida, ko na Kano ko na Aba, a gam yake da ƙasan takalmi. Gam ɗin yana so a kankare fuska biyun, a shafa, a bari ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga. Mai gaggawa yana haɗawa da ɗanyensa, ruwan sama ɗaya ya buɗe baki. Don haka a zaɓi wanda aka bi da ɗinki bayan gam, ko a kai wa baduku ya zagaye shi da zare kafin a fara sawa.

Kafinta_Billiri:
Kujeru da gado ma haka. Na waje masu kyan gani garin katako ne aka matse aka lulluɓe, ruwan goge ɗaki ya taɓa ƙafarsa ya kumbura, kuma in aka kwance sukurun sau biyu ba ya sake kamawa. Na gida katako ne na gaske, amma laifinmu ɗanyen katako. In aka yi aiki da shi bai bushe ba, hunturu na zuwa ƙofar wardirob ta karkace, haɗin ya buɗe. Mai ba da aiki ya tambayi wane katako ne, ya je ya gan shi kafin a yi fenti, ya tabbatar an shafa maganin gara, kuma haɗin ƙafafu a fafe rami a zura da gam, ba ƙusa kaɗai ba.

Hajiya_Jekadafari:
Akwai mai sani a kan magani? Mutane suna cewa na Ingila ya fi aiki.

Pharm_Kaltungo:
Hajiya, in sinadarin ɗaya ne, ƙarfin ɗaya ne, kuma NAFDAC ta yi masa rajista, na Emzor ko Fidson ko May & Baker aiki ɗaya yake yi da na waje. Haɗarin yana wurin jabu, kuma masu jabu sun fi kwaikwayon mai tsada na waje domin a nan ribar take. A duba lambar rajista, lambar zubi da ranar lalacewa, su zama iri ɗaya a kwali da jikin sachet ɗin ciki. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da yawa suna da wurin kankarewa, a tura lambar ta saƙon waya kyauta a samu amsa. A kuma guji maganin da aka baza a rana a kan tebur, zafi yana kashe ƙarfinsa ko daga ina ya fito. Sai dai a sani, garin sinadarin da kamfanoninmu ke sarrafawa yawanci daga Indiya da Chaina yake, shi ya sa na gidan ma ya yi tsada.

Malam_Tattali:
Manoma kuma su lura, a ɓangaren taki, yuriya yanzu ta gida ce, Indorama a Eleme da Dangote a Lekki, har fitar da ita waje ake yi. Kamfa kuwa a nan ake haɗa ta, amma wasu sinadaran daga waje suke.

Alh_TudunHatsi:
Kuma a kamfar da aka haɗa a nan, ƙananan ƙwayoyi suna gangarawa ƙasan buhu saboda jijjigar mota. A juye buhun a kan tampol a gauraya kafin a zuba, in ba haka ba wani ɓangaren gona ya samu wani sinadari, wani ya rasa.

Sani_Herwagana:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, saura tambaya ɗaya da aka turo mini: soket da makunnin fitila fa, su ma akwai na gida?

Injiniya_Bajoga:
Waɗannan kusan duk shigo da su ake yi, sai dai a zaɓi mai kyau a cikinsu. A juya bayan soket a duba wurin ɗaure waya, ya zama farin tagulla mai kauri, ba gwangwani da aka shafa wa ruwan zinare ba. A kusantar da maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne, zai yi tsatsa ya riƙa zafi. Bututun roba da ake zura waya a ciki kuwa a nan ake yin sa, a matse shi da hannu, wanda ya lotse nan take zai fashe lokacin da ake zuba kankare.

Dan_Bolari:
Injiniya, sukurun jikin soket ɗin ai shi ma yana kama maganaɗisu ko a mai kyau ne.

Injiniya_Bajoga:
Sukurun da ke riƙe soket a bango, i, wannan ƙarfe ne. Wurin da waya ke shiga da wurin da filogi ke kamawa nake nufi, a nan za a gwada.